Amshin da Ya Bi Motar Sanaiya

Mu uku ne, kuma babu wanda aka haifa a gidan kiɗa a cikinmu. Injiniya Mijinyawa, mutumin Gombe mai aiki a wani kamfanin gas, shi ke riƙe da jita yana waƙa. Mutala, ɗan unguwar Nima ta Accra, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Sanaiya, unguwar masana'antu da ma'aikata da ke bayan garin Doha, shi ke dukan ganguna. Ni kuwa Badaruddeen, Bazamfare daga Gusau, mai ba da magani a wani asibiti a nan Doha, sai aka miƙo min jitar nan mai kaurin murya da ake ce wa bes, wai ita ba ta buƙatar baiwa sosai, haƙuri kawai take so. Ban yi musu ba. Wanda ya saba tsayuwa bayan kanta yini guda ai ba ya rasa haƙuri.

Kiɗan rok muke yi, ko in ce abin da Mijinyawa ke kira rok: jita mai kuka da tsawa, a ɗora ta a kan kiɗan da ƙafar Bahaushe ta riga ta sani. Duk Juma'a bayan la'asar mukan kafa kayanmu a farfajiyar bayan shagon da Mutala ke aiki, tsakanin matattun na'urori da tayoyi. Ba mu taɓa gayyatar kowa ba. Ma'aikata ne ke fitowa daga ɗakunan kwanansu, wasu da jallabiyar masallaci, wasu da silifa da tawul a wuya, 'yan Nijeriya da Nijar da Gana, har da 'yan Nepal da Kenya waɗanda ba su san ko "sannu" ba. Su tsaya, su yi tsalle, su yi gumi, in an kira magariba kowa ya kama gabansa.

Akwai waƙa ɗaya da ta fi ƙarfinmu. Mijinyawa ne ya tsara ta, amma ba za ka ce tasa ba ce, don rabinta kawai yake rerawa. A cikinta mace ce ke magana ta bakinsa. Sai ya ja jitar ƙasa-ƙasa ya ce, "Kai mai tafiya, an share ɗaki, an ɗora tukunya, yaushe za ka dawo?" Daga nan sai ya ja da baya daga makirufo, ya rufe ido. Mutanen farfajiya su ne ke amsawa, da murya ɗaya mai girgiza kwanon rufin shago: "Bana, bana, kafin ruwa ya sauka!"

Mun yi shekaru muna wannan waƙa, kuma kowace shekara bana ake cewa. Na sha tsokanarsu cewa wannan banar tasu ta fi ta kowa tsawon rai. Amma in gaya muku gaskiya, duk lokacin da amshin ya taso, tsikar jikina tashi take yi. Nakan ga ƙato mai gemu yana ihun "bana" hawaye na bin kumatunsa, ɗan Nepal a gefensa yana ihun abin da bai san ma'anarsa ba, shi ma idonsa ya yi ja. Mijinyawa kuwa yana tsaye ido a rufe, kamar wanda ake kwarara wa ruwan ɗumi a ka. Bai taɓa rera amshin da bakinsa ba. Yakan ce zabiya ba ta yi wa kanta amshi.

A watan Janairu abubuwa biyu suka faɗo mana tare. Na farko, wani mai shirya wasanni, ɗan Lebanon mai yawan fesa turare, ya ga bidiyonmu a wayar direbansa, ya ce mu zo mu yi wasa a wani bikin kiɗa da za a yi wata Juma'a a fili a bakin teku. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Na biyu, Hajiya Ruƙayya, matar Mijinyawa, ta sauka a Doha da bizar ziyara.

Ruƙayya shugabar makarantar firamare ce a Gombe, kuma ita ke kula da tsohuwar mahaifiyarsa, shi ya sa ba ta taɓa yarda ta tare a nan ba. Shi kuma ya zo da niyyar shekara biyu, ga shi 'yarsu ta fari, Jannat, har ta shiga jami'a yana nan. Ba yawon kasuwa ya kawo Ruƙayya ba. Da bakinta ta gaya min, ranar da na je yi mata sannu da zuwa a gidansa na Bin Omran, shi ya fita sayo shayin karak.

"Malam Badaru, kai abokinsa ne. Tambaya ɗaya na zo da ita. Ina so Abban Jannat ya dube ni ya faɗa min lokacin da zai dawo gida. In ya ce ba yanzu ba, na ji, in san yadda zan yi da raina da yaran nan. Amma duk sanda na ɗauko maganar, sai ya ce in bari sai bayan wasan nan."

Na ce, "Uwargida ran gida, ai kin san halin mutuminki. Maganarsa a jita take."

Ta ce, "To ni ba jita na aura ba."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. A ranar na gane abin da Mijinyawa ke shiryawa. Ruƙayya ba ta taɓa jin waƙar nan ba, don ya hana kowa tura mata bidiyo. So yake ta zauna a gaban dandamali, ya yi tambayarta da bakinsa, ɗaruruwan maza su ba ta amsa a madadinsa, shi yana tsaye ido a rufe. Wannan ita ce dabarar Injiniya guda, mai digiri biyu.

Sai aka fito da tsarin tikiti. An raba filin gida uku. A gaba, daf da dandamali, tebura ne da kujeru masu laushi da lemo a kofin gilashi, kuɗinsu kuwa sai wanda ya ci ya tada kai. A tsakiya kujerun roba, su ma ba na kowa ba ne. Can baya, bayan wani shingen ƙarfe, wurin tsayuwa ne mai araha, inda in ka hango mawaƙi ba za ka bambance shi da sandar makirufo ba. Mutanenmu na Sanaiya duk can suka saya. Wasu ma haɗa kai suka yi suka roƙi direbobin motocin kamfanoninsu, masu kai su gari ranar Juma'a, su sauke su a can. Sharaɗin direbobin ɗaya ne, wanda kowa ya sani: ana idar da isha'i mota za ta juya, wanda bai shiga ba ya nemi kuɗin tasi zuwa Sanaiya, ga kuma tashin asuba zuwa aiki. Mijinyawa ya saya wa Ruƙayya kujera a teburin farko, saitin inda zai tsaya.

Mun zauna tsara jerin waƙoƙi a falonsa, muna shan karak. Mai shirya wasan ya ba da shawara mu fara da masu sanyi, saboda mutanen tebura ba sa son a firgita su suna cin abinci. Muka yarda. Da aka zo kan waƙar bana, Mijinyawa ya ce ita ce ta ƙarshe.

"Duk manyan makaɗan rok haka suke yi," in ji shi. "Kuma mu ma a gida, wa ya taɓa fara cin tuwo da nama? Sai an suɗe kwano ake ɗaukar tsoka."

Mutala ya buga cinya, ya saki Hausarsa ta Nima mai gauraye da Turanci da Larabci. "Chale, gaskiya ne wallahi. A bar shi last. Lokacin duhu ya shiga, a kunna light duka, mutane su haukace, khalas!"

Ni ma na ce haka ne. Mun duba lokacin da aka ba mu, muka ga za mu hau bayan magariba, mu sauka kafin a kira isha'i, mutanenmu su yi amshinsu su hau motarsu. Muka miƙa wa mai kula da fitilu jerin, ya shigar a kwamfutarsa, kowace waƙa da kalar haskenta. Lissafin ya fita tas, irin na injiniya da mai ba da magani.

Ranar ta zo da wata irin iska mai sanyi daga teku. Ban taɓa ganin Doha ta yi kyau haka ba. Rana na gangarawa, dogayen benayen da ke ƙetaren ruwa suka yi ja, suka koma ruwan hoda, sannan suka fara kunna kansu ɗaya bayan ɗaya. Jiragen ruwa na katako na yawo a hankali da fitilu kewaye da su, kiɗansu na zuwa yana ɓacewa. Ƙamshin turaren wuta na tasowa daga tebura, na gishirin teku na tasowa daga baya. Na tsaya a gefen dandamali rungume da bes ɗina, ina jin kamar wani ne ke mafarkina, kuma in ya motsa zan tsinci kaina a bayan kanta ina miƙa maganin tari.

Daga can na hango mutanenmu. Sun cika bayan shinge maƙil, sun sha wanka, wasu da rigar ƙwallo, wasu da shadda mai karin guga. Tun ba a fara komai ba suke tsalle. A gaba kuwa, Ruƙayya na zaune ita kaɗai a teburinta cikin lafaya ruwan toka, ta ɗora jaka a cinya, ba ta taɓa lemon ba.

Ƙungiyar da ke gabanmu wasu samari ne 'yan Filifin, sun iya kiɗa ba laifi, amma ba su san sallama ba. Aka tsaya don kiran magariba, aka yi salla. Muka ɗauki kayanmu za mu hau, sai ga wani babban mutum daga kamfanin da ya ɗauki nauyin bikin, wai zai yi gajeren jawabi. Duk wanda ya taɓa zuwa taro ya san gajeren jawabi. Bayan shi aka yi rabon kyaututtuka, aka ɗauki hotuna, aka sake ɗauka don wani ya rufe ido. Da muka taka dandamali, duhu ya riga ya zauna sosai.

Muka fara da masu sanyin, yadda aka tsara. Mutanen tebura suka ɗaga wayoyi suna ɗauka, kai na ɗan kaɗawa, cokula na ƙara a faranti. In mun gama waƙa sai su tafa a hankali, irin tafin da ake yi wa yaro in ya karanta hadda. Ba laifinsu ba ne. Mutum ya biya kuɗi mai yawa don ya zauna, ai zama zai yi. Ihun mutanenmu yana zuwa daga nesa, ya ratso kujerun roba da rabinsu babu kowa, kafin ya iso gare mu ya gaji. Duk da haka yana isowa, kuma da shi muke numfashi.

A waƙa ta huɗu Mijinyawa ya shiga wani dogon kukan jita. Wallahi ban taɓa jin ya kaɗa haka ba. Sautin ya tashi ya bi ta kan tebura, ya fita kan ruwa, ya yi ta shawagi tsakanin jiragen, har wata tsohuwar Baturiya a teburi na biyu ta ajiye wayarta ta dafe ƙirji. Hasken shuɗi ya lulluɓe mu, hayaƙin dandamali na bin ƙafafunmu. Ni kaina na manta inda nake. Na ga kaina a bakin gulbi a Gusau, da damina, ana wankin kaya.

Cikin wannan hali aka yi mana alama mu dakata, an kira isha'i a masallacin da ke kusa. Muka yi shiru, hannu a kan igiyoyi. Kiran sallar ya bi iska ya wuce. Da na ɗaga kai na duba baya, sai na ga shingen ya fara haske. Mutanenmu na zamewa rukuni-rukuni zuwa wurin salla da ke kusa da inda motoci suke, suna waiwaye, wasu na ɗaga mana hannu. Na san daga salla sai mota.

Na matsa kusa da Mijinyawa. "Injiniya, mutanenmu na tafiya. Mu jawo ta bana yanzu."

Fitilu na dukan fuskarsa, ba ya ganin komai bayan tebura. Ya kare ido da hannu ya ce, "Salla suka je, za su dawo. Saura biyu kawai. Mai fitilu ma ya riga ya tsara."

Mutala ya leƙo ta saman gangunansa. "Massa, yalla, mu yi sauri-sauri to."

Muka yi sauri, amma waƙa ba a yi mata gudu. An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, mu kuwa rawar ce ta sauya muka bar kiɗan yadda yake. Ina kaɗawa ina kallon fararen motocin nan dogaye suna kunna fitila a can gefen fili, suna fita ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tagoginsu cike da kawuna. A cikin wata na ga hannu ya fito yana kaɗa hula. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na rasa wanda zan ji haushi, ko mai jawabi, ko mai shinge, ko mu da muka ajiye nama a ƙarshen kwano.

Sai mai fitilu ya kashe komai, ya bar haske ɗaya fari a kan Mijinyawa, wani kuma mai laushi a kan teburan gaba. Mutala ya fara bugun nan da kowa a Sanaiya ya sani. Na shiga da bes. A farfajiya, wannan bugun kaɗai ya isa a fara ihu. A nan sai ƙarar cokali da tarin wani.

Mijinyawa ya matso makirufo, ya dubi Ruƙayya, ya rera da wata murya mai taushi da ban san yana da ita ba: "Kai mai tafiya, an share ɗaki, an ɗora tukunya, yaushe za ka dawo?"

Ya ja da baya, ya rufe ido, ya buɗe hannuwa.

Ba abin da ya zo. Gangar Mutala na tafiya, bes ɗina na tafiya, a tsakiya kuma ga wani rami daidai tsawon amshin. Har ƙarar ruwa na dukan duwatsun gaɓa na ji. 'Yan tsirarun da suka rage a baya, ko ba su san waƙar ba, ko muryarsu ba ta iso ba.

Ya buɗe ido. Ya kare fuska da hannu ya hango bayan shinge, ya ga fili. Muka zagayo, ya sake tambayar, wannan karon bai ja da baya ba. Makirufo na daf da leɓensa. Ni da Mutala ba mu da makirufo, ko mun yi ihu ba mai ji. Kalma ɗaya ce, ya san ta fiye da kowa, shi ya ƙirƙire ta. Ruƙayya na zaune ƙasa da shi kaɗan, ta ɗago kai tana dubansa, ta gane muryar wa ke cikin waƙar, don na ga ta gyara zama ta saki jakar.

A zuciyata ina cewa, faɗa mana, Injiniya, faɗa. Ya buɗe baki. Iska ta kaɗa gefen lafayarta. Ya tsaya a haka har gurbin ya wuce, sannan ya sunkuyar da kai ya bar jitar ta yi kuka a wurin.

Sau uku yana tambaya, sau uku ana shiru. A na ƙarshe Mutala ma ya ɗauke hannu, ni ma na ɗauke, tambayar ta tsaya ita kaɗai a kan teku.

Abin mamaki, sai mutanen tebura suka miƙe tsaye. Suka yi ta tafi, tafi na gaske, wasu har da fito. Baturiyar nan tana share ido. Sun ɗauka haka waƙar take. Muna sauka mai shirya wasan ya rungume Mijinyawa, turarensa ya cika mana hanci, yana cewa wannan shirun shi ne abu mafi kyau da ya ji a bikin gaba ɗaya, kuma yana so mu riƙa yi masa wasa duk lokacin sanyi, bana da baɗi, a manyan wurare, amma kada mu taɓa wannan shirun. Ya ja shi gefe suna magana. Mijinyawa na gyaɗa kai kamar wanda bai gama farkawa ba.

Ni aka bar wa rakiyar Ruƙayya zuwa mota. Muka bi gefen ruwa a hankali, bes ɗina a baya, jiragen katako na ta yawonsu. Na yi ta surutu, ina yabon iska, ina zagin mai jawabi, don dai kada a yi shiru. Ta bar ni har na gaji.

"Malam Badaru."

"Na'am, Hajiya."

"Wurin nan da ya yi shiru. Ai ba haka waƙar take ba, ko? Na ga yana jira."

Na ce mata ba haka take ba. Na ba ta labarin farfajiya, da mutanen Sanaiya, da shinge, da motocin da suka juya. Na ce da an jawo waƙar gaba kaɗan, da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba, da ƙasa ta girgiza.

"Me suke cewa?"

Na faɗa mata, ba da waƙa ba, da magana kawai: "Bana, bana, kafin ruwa ya sauka."

Ta tsaya ta dafa ƙarfen bakin ruwa, tana kallon benayen ƙetare. Ba ta yi kuka ba, ni ne ma na ji idona na zafi.

"Kuma ya san kalmomin," in ji ta.

"Shi ya tsara su, Hajiya."

Ta gyaɗa kai, ta gyara lafayarta a kafaɗa.

"To Alhamdulillahi. Tun da aka ɗaura mana aure, Abban Jannat bai taɓa duban idona ya yi min ƙarya ba. Yau ma bai yi ba." Ta juya ta kama hanyar mota. "Mu je, Malam Badaru. Gobe ka taimaka ka duba min jirgin saman da ya fi kusa tashi zuwa gida."